Situdiyon ƙauye a ƙasar Gaya: gwanin ɗaukar kalangu, amma ka tafi da shirinka

Mawaƙin da zai fitar da albam da kuɗin aljihunsa, kuma yake son a ji kalangu na gaske a ciki ba na cikin fiyano ba, yakan sha wuya a birni. Yawancin situdiyoyin Kano an tsara su ne don mutum ɗaya da makirufo ɗaya. Mai fiyano ya haɗa kiɗa a kwamfuta, mawaƙi ya shiga ɗan lungu ya ɗora murya, a tashi. Idan ka zo da makaɗa biyar da 'yan amshi huɗu, wurin tsayawa ma babu. Situdiyon da ake magana a kansa a nan yana wani ƙauye ne tsakanin Wudil da Gaya, kuma aikinsa ya fi karkata ga ɗaukar makaɗa suna kiɗa tare. A wannan fanni ya cancanci yabo ƙwarai. A wajen tace sauti, wato haɗawa da daidaita abin da aka ɗauka ya zama waƙa ɗaya, da adana aiki kuwa akwai gyara, kuma gyaran ba ƙarami ba ne.

Babban jarin wurin shi ne ɗakin, ba na'urorin ba. Tsohon soro ne na ginin ƙasa, tsawonsa kamar mita 6, faɗinsa 4 da rabi, da rufin azara mai tsayi. Katangar ƙasa mai kauri tana tare hayaniyar waje fiye da bulo mai rami, kuma da yake fuskarta ba sumul take ba, sauti ba ya dukanta ya dawo a dunƙule. Tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya za ka ji: amon gajere ne, ba ya yin karkarwar nan ta ɗakin siminti mai rufin kwano. An shimfiɗa tabarmi biyu biyu a daɓe, an jingina katifu a kusurwoyi huɗu inda ƙugin ganga ke taruwa, an rataya barguna nesa da bango da kamar taƙi ɗaya. Wannan ratar tana da amfani, domin bargon da aka manna da bango siririn sauti kawai yake sha. Ba su liƙa kwalin ƙwai ba, kuma sun kyauta, don ba ya hana ƙara shiga ko fita.

Akwatin da ke kai sauti cikin kwamfuta yana karɓar makirufo 8 a lokaci guda. Ga yadda suke raba su idan ƙungiyar kalangu ce: biyu ga babban kalangu, ɗaya ga mai bi masa, ɗaya ga kuntuku, biyu ga ganga, ɗaya a rataye sama yana ɗaukar ɗakin gaba ɗaya, na ƙarshe ga mawaƙi don muryar jagora wadda za a sake daga baya. Ƙofofi takwas sun cika ke nan. Mai kukuma da 'yan amshi sai zagaye na biyu. Duk wanda ke son a ɗauki kowa da kowa a zama ɗaya ya san wannan iyaka tun kafin ya cika mota da mutane.

Wuta ta sola ce da batura, injin janareto kuma yana can bayan gida nesa da ɗakin. Sun kafa sandar ƙarfe a ƙasa sun haɗa na'urorin da ita, wayoyin makirufo kuma masu baki uku ne, shi ya sa ba a jin gurnanin wuta na 50 Hz da ke ɓata aikin ƙananan situdiyoyi da yawa. Matsalar tana wani wajen. Lokacin da ƙauyen ya fi yin tsit shi ne bayan Isha'i, an kashe injin niƙa, babura sun ragu, awaki sun kwanta. To a lokacin ne baturan suka fi rauni, bayan sun yini suna aiki. Mai hikima zai nemi a huta da kwamfuta tsakanin Azahar da La'asar don batir ya cika, ya kuma tanadi mansa na inji. Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, a bar ta don hutu ko sauraron abin da aka ɗauka, saboda motocin shanu da babura ba sa tsayawa a kan hanyar, ga shi kuma hankalin makaɗan ma yana kasuwa.

Abin da situdiyon ba ya yi maka shi ne tsara waƙa. Injiniyan da ke ɗaukar sautin ya san inda zai sa makirufo, amma ba zai gaya maka ɗiyan waƙarka sun yi yawa ba, kuma bai kamata ka jira hakan daga gare shi ba. A nan ne kuɗin mawaƙa ke zurarewa, ana biyan ɗaki ana gardamar inda amshi zai shiga. Kowace waƙa ta zo da takardarta: gindin waƙa, yawan ɗiya, bayan ɗa na nawa kiɗa zai yi shi kaɗai da kuma tsawonsa, wurin da amshi yake na karɓeɓeniya da wurin da yake na rakiya. Makaɗan gargajiya da kunne suke aiki, don haka takardar taka ce da injiniya. Su kuwa a rera musu waƙoƙin a waya ana buga ƙwarya ko tafi, a tura musu a memori mako biyu kafin ranar. Sannan a yi bita ta kwana biyu a gida, a gindin bishiya, inda babu mai ƙirga awa.

Abu biyu ake yawan mantawa a bita, wato shiga da direwa. Makaɗin biki ya saba a fara a hankali kiɗa ya yi ta ɗumi, a ƙare idan liƙi ya tsaya. Waƙar da ke cin minti 20 a fili, a albam minti 5 zuwa 7 take bukata. Sai an zauna an yanke wanda zai buɗe, da bugu nawa kafin murya ta shigo, da alamar da mawaƙi zai yi idan ya kama ɗan ƙarshe. Ɗaga hannu ya isa. Bayan bugun ƙarshe kowa ya daskare na daƙiƙa 5, babu tari, babu ajiye makaɗi, babu "Alhamdu lillahi" sai injiniya ya ɗaga kai. Ɗauka mai kyau da yawa ta lalace a wannan ɗan tsakanin.

Sai batun cunkoso, wanda ya fi komai raba albam mai daɗi da mai gajiyar da kunne. Muryar mutum da kalangu da kukuma duk a tsakiyar sauti suke zaune, ba can ƙasa ba, ba can sama ba. Kalangu kuma magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshe. Idan yana kirari a daidai lokacin da mawaƙi ke faɗin baiti, mai sauraro ba zai kama ko ɗaya ba, kuma babu na'urar da za ta raba su daga baya. Maganin yana cikin tsari: yayin da murya ke tafiya, babban kalangu ya riƙe kari kawai, ya saki maganarsa a giɓin da ke tsakanin baiti da amshi. Kukuma ma haka, ta amsa wa mawaƙi, kada ta yi tsere da shi. Ƙasan sauti kuwa a ba abu ɗaya, ko ganga ko bes na fiyano. Idan dole sai duka biyun, bes ya sauka tare da bugun ganga, kada ya yi nasa yawon. Ba kowace waƙa ce ke bukatar kowa ba. A albam mai waƙa 8, a samu biyu da murya ce da kukuma da ƙwarya kawai, kunne zai huta, kuɗi ma ya ragu.

Inda wurin nan ya fi burgewa shi ne yadda ba sa tilasta wa makaɗa bin ƙyas-ƙyas ɗin kwamfuta mai auna gudu. Kiɗan kalangu yana ƙara zafi da kansa yayin da waƙa ke nisa, wannan kuwa ba kuskure ba ne, shi ne ransa. Idan waƙar ta gargajiya ce zalla, sukan ɗauki makaɗa da muryar jagora a sake, sauran kaya su bi abin da aka ɗauka. Idan kuma waƙar tana da fiyano da yawa har dole a tsayar da gudu, sukan ɗauki ɗan gajeren bugun ƙwarya daga hannun ɗaya daga cikin makaɗan, su maimaita shi, shi za a sa musu a kunne. Makaɗi ya fi sakin jiki da bin ɗan'uwansa. Sautin kiɗansa kuma ana jiyar da shi kai tsaye daga akwatin ba ta cikin kwamfuta ba, domin jinkirin da ya haura kashi 10 cikin 1000 na daƙiƙa ya isa ya rikita hannun mai kalangu. Abin lura ɗaya: dattawa da yawa sukan zame hedifon daga kunne ɗaya don su ji ɗaki. Ba laifi, amma a kashe sautin wancan ɓangaren, in ba haka ba zai zuba cikin makirufo ya zauna a waƙar har abada.

Sa makirufonsu na masu sani ne. Kalangu a hammata yake, yana motsi duk lokacin da aka matse tsarkiya, don haka ba sa manna masa makirufo. Sukan sa makirufo mai jure duka irin SM57 nesa da fatar gaba da santimita 20 zuwa 30, a karkace don kada makaɗi ya same shi, wani kuma a fatar baya. Na bayan dole a juya masa fuska da maɓallin nan mai alamar Ø, saboda lokacin da fatar gaba ke shiga ciki, ta baya fita take yi, idan aka haɗa su haka nan sai su cinye juna, kalangun ya fito siriri ba ƙugi. Ganga ma haka ake mata. Suna kiyaye tazara tsakanin makaɗa: idan makirufo yana santimita 20 daga kayan kiɗansa, makirufon maƙwabci ya yi nisan aƙalla 60. Ƙarfin shigar sauti kuma suna barinsa ƙasa, bugu mafi ƙarfi bai wuce −10 dB a ma'aunin ƙarfin sauti ba a gwaji, don sun san makaɗi idan waƙa ta kama shi sai ya ninka dukan da ya yi a gwajin.

Kukuma ta fi wuya. Idan aka kai makirufo kusa da inda tsagiya ke gogar tsagiya, ƙaiƙayin gugar kawai za a ji. Sukan ja da baya santimita 40, su fuskanci fatar. Kuma ga abin da ya kamata kowane mai fiyano ya koya: kukuma ba a kan ma'aunin 440 Hz da fiyano ke bi aka ɗaure ta ba, a kan muryar mawaƙi aka ɗaure ta. Fiyano irin Yamaha PSR yana da wurin ɗaga ko sauke amonsa gaba ɗaya kaɗan kaɗan. Shi za a gyara ya sami kukuma, a rubuta lambar a takardar waƙar. Algaita kuwa ita kaɗai, a ƙarshe, daga nisan mita ɗaya ko fiye. 'Yan amshi huɗu sukan tsaya rabin da'ira a gaban makirufo ɗaya, mai babbar murya ya ja baya taku ɗaya, a ɗauke su sau biyu a baza hagu da dama.

Yanayi yana da hannu a aikin nan fiye da yadda 'yan birni ke zato. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, fata kan bushe ta ɗaure, amo ya hau, tsarkiya ta tsinke, maƙogwaron mawaƙi ma ya bushe. Da damina fata kan saki, sai an gasa ta a rana ko kusa da garwashi, ga shi makaɗan suna gona. Ko a rana ɗaya ma, mutum takwas a rufaffen ɗaki babu fanka, gumi da numfashi sukan sassauta fata cikin rabin awa. Saboda haka kiɗan kowace waƙa a gama shi a zama ɗaya, a ɗauka sau uku a zaɓa. Facin da aka yi washegari ba zai taɓa dacewa da na jiya ba. A riƙa buɗe ƙofa bayan kowane minti 20. Bayan kaka kuma bukukuwa da dambe da kokawa sukan kwashe makaɗan kirki, sai an kama su da wuri.

Akwai wata ɗabi'a ta injiniyan da ta kai kuɗi. Ba ya gaya wa dattijo ta lasifika cewa ya yi kuskure a gaban yaransa. Yakan tashi ya shiga ɗakin, ya rusuna, ya ce, "Baba, a ƙara mana ɗaya don mu sami zaɓi." Da wannan ake samun ɗauka ta huɗu da ta biyar ba tare da an ɓata rai ba. Sai dai wannan kunyar tasa ce ta hana shi korar 'yan kallo. Ƙofar ba ta da mai tsaro, samari kan shigo da wayoyi a kunne, kuma wayar hannu kusa da wayar makirufo tana sa ƙara. Ka zo da mutum ɗaya wanda aikinsa ƙofa ne kawai da karɓar wayoyi.

Yanzu ga rauninsu. Hannun da ya ɗauki kalangu da tsabta, idan ya zo tacewa sai ya koma salon waƙoƙin fim. Eko ya yi yawa har kalmomi su nutse. Auto-Tune, manhajar da ke gyara hawa da saukar murya, a kunne yake a kan kowace murya sai ka ce a kashe, kuma yana saurin kamawa, yana daddatsa lanƙwasar murya yana jan ta zuwa ma'aunin fiyano, alhali kukumar da ke gefenta tana wani wajen. A nanaye wannan ado ne da masu saurare suka saba da shi. A kan kalangu da kukuma ɓarna ce, kuma abin takaici ne a ga an yi wa aiki mai kyau haka. Lasifikokin da injiniyan yake tacewa da su ƙanana ne, ba sa nuna ƙasan sauti, don haka yakan cika bes ba tare da ya ji ba, sai an sa a mota ƙofofi su kama rawa. A ƙarshe kuma yakan matse sautin don ya yi ƙara har bugun kalangu ya baje. YouTube da Spotify suna sauke duk waƙar da ta cika ƙara zuwa wajen −14 LUFS a ma'aunin ƙarar waƙa, ka ga an yi asarar bugun a banza. A nemi kwafi biyu: ɗaya mai numfashi don intanet, wanda ƙololuwarsa ba ta wuce −1 dB ba, ɗaya mai ɗan ƙarin ƙarfi don masu tura waƙoƙi a kasuwa. Wanda ke da hali ya ɗauka a nan, ya kai tacewa wurin wanda ya taɓa tace kiɗan gargajiya. Wanda ba shi da hali ya zauna a gefensa ranar tacewa, ya zo da waƙar da yake son tasa ta yi kama da ita wajen sauti, kuma kada a tace fiye da biyu a rana.

Adana aiki ya fi tacewar ban tsoro. Komai yana kan kwamfuta ɗaya, babu kwafi a ko'ina, a garin da ƙura ke shiga ko'ina. Sunayen fayil kuma irin su "sabo" da "sabo na biyu" ne. Abin da suka saba miƙa wa mawaƙi shi ne MP3 ta WhatsApp, wanda ba ya gyaruwa. Tun ranar ciniki ka faɗa cewa kana son kowane layin sauti daban, wato ɗaukar kowane kayan kiɗa ko murya ita kaɗai, a fayil ɗin WAV wanda ba a matse ba, 24-bit, 48 kHz, duk su fara daga sifili ɗaya, babu eko babu Auto-Tune a kansu, da sunan waƙa da na kayan kiɗa a jiki. Layi ɗaya yana cin kusan MB 8 da rabi a minti, waƙar minti 6 mai layi 20 ta kai GB 1 ke nan. Filashi mai GB 64 zai ɗauki albam da ragowar ɗauka. Ka sayi biyu, a kwafa kowane dare kafin a tashi, ɗaya ya kwana a wani gidan. Ka kuma roƙi kada a tura wa kowa ko da rabin waƙa "don ya ji". Daga waya ɗaya take isa teburin masu turi a Wudil, kafin ka fitar ta tsufa.

Kuɗin ɗaki suna yanka shi a kan waƙa ko a kan yini. Ga wanda ya yi bita, na yini ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: kwana 2 na kiɗa, 1 na kukuma da fiyano, 1 na amshi, 2 ko 3 na muryar mawaƙi, wanda bai kamata ya rera fiye da waƙa uku a rana ba. A tambaya tun farko ko man inji yana ciki, da kuma sau nawa za a gyara tacewa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Makaɗa kuwa a yi ciniki da maigidansu a kan kowace waƙa, a ba da kafin alƙalami, a cika ranar da aka gama, kuɗin mota da abinci da goro daban. Situdiyon ba shi da takardar yarjejeniya ko ɗaya, sai ka zo da taka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba makaɗi haƙƙi a kan kiɗan da aka ɗauka daga hannunsa, kuma miƙa haƙƙin mallaka sai a rubuce. Shafi ɗaya da Hausa ya isa: sunan waƙoƙi, abin da aka biya, ko sallama ce gaba ɗaya ko akwai kaso nan gaba, da amincewar a sayar a kuma ɗora a intanet. A karanta wa wanda ba ya karatun boko a gaban shaidu biyu kafin ya dangwala. Injiniyan da mai fiyano ma su sa hannu, don kada kiɗan da ka biya ya fito gobe a ƙarƙashin muryar wani. Sunayen makaɗa kuma a rubuta su a bayanin albam ɗaya bayan ɗaya, haƙƙinsu ne. Da yake wurin a Jihar Kano yake, a daidaita da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, kafin a saki waƙoƙin.

Cikon kuɗin situdiyo a riƙe shi sai an buɗe filashin a wata kwamfutar an ga kowane layi yana nan yana kuma buɗewa. Sannan a saurari albam ɗin daga farko zuwa ƙarshe a ƙaramar waya mai lasifika ɗaya, da rediyo mai cin memori, da mota. A wayar za a gane ko kalangu ya ɓace idan hagu da dama suka haɗe, a motar kuma a gane ko bes ya danne ganga. Duk gyaran da aka gano a rubuta shi da sunan waƙa da minti da daƙiƙa, a kai shi gaba ɗaya a zama ɗaya.